Tambayoyi da amsoshi: tafiyar mota daga Kano zuwa zanen duwatsun Birnin Kudu da dajin Yankari

Tunda muka fara wannan tafiya, duk wanda ya ga hotuna a wayata sai ya ɗauko tambaya, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne, a wajen ɗaurin aure a tambaya, a majalisa a tambaya, har 'yan gidanmu ma. Shi ne nace bari in tara su waje ɗaya in huta. Na fara da mene ne zanen, sai na hanya da lokaci, sannan sauran maganar zanen, sannan dabbobi.

Wai mene ne ma zanen dutsen nan, kuma a ina yake?

Zane ne da mutanen da can can suka yi da launi a jikin dutse, galibi a ƙarƙashin inda wani ƙaton dutse ya rufo kamar rumfa, ruwan sama baya dukansa kai tsaye. Mutane na cewa kogo amma kar ka sa ran rami mai zurfi da duhu wanda sai da tocila, yawancinsu inuwar dutse ce kawai. Wanda ya fi suna a arewa shi ne na Birnin Kudu a jihar Jigawa, a duwatsun da ke kewaye da garin irin su Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu, kuma abin da aka fi zanawa shanu ne. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ya rubuta labarinsu a shekarun 1950, daga baya gwamnati ta sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa. Amma dai mutanen garin sun san da su tun kafin Bature ya zo, ba wai shi ya gano musu dutsensu ba.

Wace hanya ake bi, kuma kwana nawa ya isa?

Daga Kano ka kama hanyar Wudil, ka wuce Kwanar Huguma, sai Birnin Kudu, kamar awa biyu in hanya ta yi kyau kuma ba a tsaya cin tsire ba. Daga nan sai Babaldu, ka karya kwana zuwa Ningi, Kafin Madaki, sai Bauchi. Daga Bauchi ka hau titin Gombe har Dindima, nan za ka sauka ka miƙa zuwa ƙauyen Mainamaji inda ƙofar Yankari take, daga ƙofar kuma akwai sauran tafiyar sama da kilomita 40 cikin daji kafin ka isa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke. Mutane da yawa wannan kilomita 40 ɗin ce suke mantawa da ita a lissafi, suna ganin ƙofa sai su ɗauka an iso.

Mu kwana uku muke yi, huɗu in da hali. Ranar farko a tashi bayan asuba a yi hantsi a duwatsu, a kwana Bauchi, a ci masa da safe dan ba a zuwa Bauchi a tsallake masa, in da lokaci a leƙa kabarin Tafawa Balewa, sai a shiga daji a kwana biyu. Akwai masu yin Kano zuwa Yankari a yini ɗaya su dawo washegari, ana iya wa, amma gaskiya abinda za ka gani titi ne da birai. Dalilin yana cikin amsar giwa da zaki a ƙasa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a je?

Rani. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko ina, dabba bata da dalilin fitowa fili, kuma wasu hanyoyin cikin daji basa biyuwa. Daga Disamba zuwa Janairu akwai daɗin tafiya saboda sanyi, sai dai hazo kan ɓata hoto, kuma ƙarshen Disamba cike yake da 'yan hutu. Wanda dabbobi yake nema da gaske ya bari sai wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin tafkuna sun ƙafe komai ya koma shan ruwa a kogin Gaji, amma fa zafi ne na bazara ba wasa, wallahi da azahar sitiyarin mota ma baya taɓuwa. Su duwatsu kowane lokaci ana zuwa, sai dai da damina dutse na santsi.

Ƙaramar mota za ta iya, ko sai babba?

Za ta iya har Wikki tunda kwalta ce, sai dai ramuka nan da can. Shiga cikin daji kallon dabbobi shi ne ba a yi da ƙaramar mota, yashi ne da kwazazzabai. A duba taya har da safaya, jak, ruwan lagireto, a cika tanki a Bauchi. Mun taɓa tafiya da wani direba da ya rantse safayarsa lafiya lau, muka yi faci bayan Ningi aka ciro ta ashe ita ma ba iska, muka yi awa biyu a gindin bishiya ana jiran ɗan acaɓa ya dawo daga wajen mai faci. Tun ranar da hannuna nake latsa safayar kowa.

In na isa Birnin Kudu wa zan nema?

Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana da ƙaramar cibiya a garin dan zanen duwatsun, can za ka fara, su za su haɗa ka da wanda zai zaga da kai. Kar ka ce kai za ka nemo da kanka da taswirar waya, duwatsun suna da yawa kuma duk kamarsu ɗaya, za ka iya wucewa ta gaban zanen sau uku baka gan shi ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ka yi sallama, ka gaisa da dattawan da ka tarar, in ta gonar mutum za a ratsa a nemi izini, in an gama ka ba wanda ya raka ka wani abu na goro ko bai tambaya ba.

Wani ya ce min zanen ɗan mitsitsi ne kuma ya dushe, anya ya cancanci wahalar?

Bai yi maka ƙarya ba. Zuwana na farko da aka nuna min bangon dutsen abinda ya fito bakina shi ne shikenan? Na ga wani ja-ja kamar tsatsa ko inda aka tofar da goro. Mai rakiyarmu ko a jikinsa, ya ce Alhaji zauna tukuna, yanzu ka fito daga rana idonka bai dawo ba. Na zauna a inuwar kamar minti biyar, can sai ƙaho ya fito, sai gadon baya, sai ƙafafu, daga nan sai na fara ganin wata a bayanta, da wata a sama wadda aka zana a kan wata tsohuwa, wajen da nake gani fanko ashe garke ne guda.

To duk wanda zai je ya sa wannan a ransa. In so kake ka sauko daga mota ka yi selfi ka koma, za ka dawo kana zagina. Wajen na zama ne, ka zauna inda mai zanen ya zauna, ka waiga ka ga filin da yake hangowa daga nan, ka lura duk inda aka yi zanen waje ne da mutum zai fake wa rana da ruwa yana kallon dabbobinsa a ƙasa. Har yau za ka iya hango yaro da sanda yana kora shanu a gindin dutsen, ga na bango ga na ƙasa. Ni dai wannan ya fi min komai a tafiyar, har da giwa, kodayake abokan tafiyata sun ce na cika fi'ili.

A je da hantsi ko bayan la'asar, hasken da ke zuwa a karkace ya fi fito da shi. Da tsakar rana ido na ɗaukar haske da yawa, komai sai ya koma toka-toka.

Su waye suka zana, kuma ya kai shekara nawa?

Makiyaya ne dai, wannan zanen da kansa ya faɗa, dan ba mai zana sa da irin wannan kulawar sai wanda ya rayu da shanu. Babbar alamar tsufansa kuma a gadon bayan shanun take. Kalli shanun da muke gani yau a arewa, bunaji, rahaji, bokolo, duk masu tozo ne. Akasarin na jikin dutsen kuwa basu da tozo, bayansu a shafe yake, wasu da dogayen ƙaho wasu da gajeru. Shanu masu tozo asalinsu daga wajen Indiya ne, daga baya suka bazu a Afirka, marasa tozon su ne na farko a wannan yanki, kuma har yanzu akwai ragowar irinsu, kamar muturu a kudu da kuri mai ƙaton ƙaho a tafkin Cadi. Shi yasa masu bincike ke ɗaukar zanen a matsayin na zamanin da masu tozo basu mamaye ƙasar ba tukuna. In wani ya buɗe baki ya ce maka shekara miliyan kaza, ka yi murmushi kawai.

Launin kuma daga ƙasa yake, jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe wadda ake niƙawa a kwaɓa, da farar ƙasa. Jan shi ya fi daɗewa saboda yana shiga cikin fatar dutsen ya zauna.

Da gaske akwai dutsen da ke ƙara kamar ƙararrawa?

Da gaske ne, kuma yara wannan suka fi so. Wasu faifan duwatsu ne da suka ɗare daga uwar dutsen suka zauna a kan wasu ba tare da sun manne ba, in ka ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse sai ka ji ƙara kamar kuge, kowane gefe da muryarsa. Za ka ga 'yan ramuka masu santsi a jiki inda aka yi shekara da shekaru ana duka waje ɗaya. A Birnin Kudu ne Fagg ya fara cin karo da irin waɗannan duwatsu a 1955, daga baya aka yi ta samun irinsu a wasu ƙasashen Afirka. A da wuraren nan suna da alaƙa da al'adun biki a garin, ka tambayi mai rakiyarka zai baka labarin yadda ya ji daga kakanninsa. Ka buga inda ya nuna maka kawai, kar ka ɗauki dutse ka bi ko ina da duka, musamman kusa da zane.

An ce in aka watsa wa zanen ruwa ya fi fitowa a hoto, in gwada?

Dan Allah kar ka yi. Eh yana fitowa na minti biyu, amma ruwan na narkar da gishirin da ke cikin dutsen, in ya bushe ya bar farin dabbare a kan zanen, a hankali launin ya ɓamɓare. Haka taɓawa da hannu, maiƙo da gumi ne kake shafa masa. Haka bin layin da alli ko gawayi wai dan ya fito. Mafi muni masu rubuta sunansu da fenti ko ƙusa, wane ya zo nan, da lambar waya ma wani lokacin, abu ya tsallake ɗaruruwan damina lafiya sai ga ɗan makaranta da kwalbar fenti ya gama da shi a yammaci ɗaya. Wuta ma ba a hurawa a ƙarƙashin rumfar, hayaƙi na rufe shi.

In hoto kake so, kashe filasha, ka sa wani ya tare maka hasken rana da babbar riga ko darduma, ka ɗauka a inuwa, in ka koma gida ka ƙara masa launi a waya yadda kake so.

Ba wajen aljanu ba ne? Kuma ya halatta musulmi ya je kallon irin wannan?

Wannan tambayar iyaye mata suka fi yi min, kuma bana raina ta. Ba bauta ake zuwa yi ba, ba yanka, ba roƙo, kallon abin da mutanen da suka shuɗe suka bari ne, kuma Alƙur'ani a wurare da dama ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. Wanda zuciyarsa bata kwanta ba ya tambayi malaminsa kafin ya taso, ni ba malami ba ne. Ka yi azkar ɗinka kamar yadda za ka yi in za ka shiga kowane daji.

Abin da na fi jin tsoro a duwatsu shi ne zuma. Suna kafa saƙa a tsagar dutse, kuma turare mai ƙarfi da hayaniya na tayar da su, to ranar a bar turaren a mota. Sai maciji da kunama, kar a zura hannu cikin rami, a sa takalmi mai rufi ba silifa ba.

Birnin Kudu ne kaɗai, ko akwai wasu a kan hanya?

Jihar Bauchi na da nata. Akwai na Geji a yankin Toro, wanda shi ba shanu kaɗai ba, har da namun daji da birai da mutane da doki, akwai na Shira ta wajen Katagum, akwai Shadawanka kusa da garin Bauchi. Geji ita ta fi dacewa da wannan tafiyar in ka ƙara kwana ɗaya a Bauchi, amma sai da ɗan rakiya kuma akwai tafiyar ƙafa. Shira ba a kan hanya take ba, ta fi kyau a haɗa ta da tafiyar Azare. A Kafin Madaki kuma, tunda ta nan za ka wuce, ka tsaya ka ga tsohon gidan Madaki, ginin ƙasa wanda Babban Gwani ya gina, magini ɗaya da masallacin Juma'a na Zariya. Ba zanen dutse ba ne amma asara ce a wuce shi.

Zan ga giwa? Zaki fa?

Ba wanda zai maka alkawari, wanda ya yi maka ma ƙarya yake. Yankari ba gidan zu ba ne, daji ne mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,200, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991 sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Giwayen da ke ciki suna daga cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, amma ana maganar ɗari da wani abu ne a cikin wannan uban daji, to ka yi lissafi. Mun taɓa yin kwana biyu kashinta kawai muka gani da bishiyoyin da ta karya, wani zuwan kuma ko minti 30 bamu yi da fita ba sai gasu suna tsallaka hanya da 'ya'yansu, direba ya kashe mota, wani abokinmu mai cika baki tun daga Kano ya koma salati ƙasa-ƙasa.

Zaki kam ka cire rai, 'yan kaɗan ne suka rage kuma da dare suke yawo, in ka ji gurnaninsa daga nesa ma ka yi sa'a. Abin da kusan tabbas za ka gani: gwaggon biri, mugun dawa, gwambaza, mazo. In da rabo ɓauna, gwanki, kanki, dorina da kada a bakin Gaji. Tsuntsaye kuma sama da iri 350 aka ƙirga, mu Hausawa bamu cika damuwa da su ba, amma ranar da ka ga burtu na takawa a fili da jan maƙogwaronsa kamar wani hakimi za ka tuna duk tatsuniyar mafarauta da aka taɓa yi maka.

Shi yasa nake cewa a kwana biyu, fita huɗu ta fi fita ɗaya damar dacewa. Kuma zaman da ka koya a gaban zanen Birnin Kudu shi zai yi maka aiki a nan, dan gwambaza na iya tsayawa taku ashirin da kai a cikin ciyawa baka gan ta ba sai ta kaɗa kunne.

Yaya ake fita kallon dabbobin?

Ana fita da sassafe da kuma yamma, lokacin da dabbobi ke motsi, a buɗaɗɗiyar motar wajen ko a taka in mai ƙarfi ce, kuma dole da ma'aikacin daji a ciki. Ba a sauka sai ya ce a sauka. A rage surutu, a kashe kiɗa, masu waya a sa ta a shiru in ma akwai sabis. Fitar safe ta fi, a kwanta da wuri a yi asuba a shirya. A guji baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu saboda tsando na bin su, kuma cizonsa har ta cikin riga yake ratsawa, kaya masu ruwan ƙasa da dogon hannu sun fi.

Me ake nufi da a yi hankali da birai?

Ana nufin ɓarayi ne masu lasisi. Gwaggon biran Wikki sun saba da mutane, sun san leda, sun san kula, sun san ƙofar motar da ba a kulle ba, kuma sun fi raina mata da yara. A gabana wani ya fizge ledar burodi daga hannun ƙanwar matata ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ci yana kallonmu. Kar a ci abinci a fili, kar a bar taga a buɗe ko na minti ɗaya, kar a basu komai dan ba su abinci shi ya lalata su tun farko. In babban namiji ya nufo ka saboda abin hannunka sakar masa, haƙoransa ba na wasa ba ne, in kuma ya yi cizo ko yaƙushi a wanke da sabulu sosai a nemi asibiti ranar. Mugun dawa ma na yawo tsakanin ɗakuna yana kiwo a durƙushe, shi ba ruwansa da kowa in ba a matsa masa ba.

Ruwan Wikki fa, mata da yara za su iya shiga?

Ruwa ne mai ɗumi da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani bangon dutse, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garai-garai har yashin ƙasa kana gani. Ta wajen bakin dutsen yana da zurfi ya kusa shanye mutum, can ƙasa kuma bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, nan yara ke wasa amma da babba a kusa. Iyalanmu da sassafe suke zuwa kafin jama'a su taru, da doguwar riga da wando, ranakun aiki kuma sun fi ƙarshen mako sakewa. A bar mutum ɗaya a bakin kaya saboda waɗancan ɓarayin na amsar da ta gabata.

Akwai kogo a cikin Yankari ma?

Akwai, ana ce musu kogwannin Marshall, da sunan wanda ya yi rahotonsu a 1980. Ɗakuna ne 59 da aka fafe a jikin dutsen yashi, ƙofarsu 'yar zagayayya sai ka durƙusa, kuma akwai zane-zanen layi a jiki, wasu miƙaƙƙu wasu a karkace. Ana cewa mafaka ce ta mutanen da ke gudun masu kamun bayi. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey sama da ɗari da aka haƙa a dutse suna haɗe ta ƙasa, da ragowar matoyar ƙarfe ta mutanen da. Ka faɗa wa ma'aikacin tun kafin a tashi cewa kana son zuwa, in ba haka ba hanyar dabbobi kawai za a bi da kai. Dokar nan ta kar a taɓa kar a jiƙa tana aiki a nan ma, dutsen yashi ya fi na Birnin Kudu saurin marmashewa.

Ban ji ka ambaci raƙumin dawa ba?

Babu shi a Yankari yanzu, ya ƙare. Wanda ke son gani a wannan hanyar sai ya ratsa Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, kusa da Kafin Madaki, inda aka ajiye raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. Na asalin yankinmu kuwa a Nijar kaɗai suka rage, a wajen Kure kimanin kilomita 60 daga Yamai, sun taɓa komawa 49 kacal a 1996, da aka tsaya musu suka haura 600, har aka ɗebi wasu aka kai dajin Gadabeji a 2018.

To in mutum na son ya wuce Nijar ko Cadi ganin manyan zanen fa?

Can ne manyan suke. A Dabus, arewa da Agadas ta hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babbar ta haura mita 5, da dabbare-dabbaren jikinta ɗaya bayan ɗaya, an ƙiyasta shekarunsu wajen 6,000 zuwa 8,000, a wajen da yau ko akuya da ƙyar take samun abin ci. Lokacin Sahara kore ce, da tafkuna da dorina. A Cadi akwai duwatsun Ennedi da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2016, ga zanen shanu da mahaya, ga wani kwarin ruwa da ake kira Arshe inda 'yan kadoji suka maƙale tun zamanin da ake ruwa, a kudu kuma ga dajin Zakuma da giwayensa. A Aljeriya akwai Tasili kusa da Janet mai zane sama da 15,000.

Amma waɗannan ba tafiyar a tashi ranar Juma'a a dawo Lahadi ba ce. Ana buƙatar takardu, mota biyu aƙalla masu shiga yashi, ɗan jagora Buzu ko Tubu wanda ya san rijiyoyi, kuma maganar tsaro ta fi komai, a Kure ɗin ma an kashe mutum 8 a watan Agustan 2020. Jin Hausa zai taimake ka sosai har Agadas, amma baya maye gurbin izinin hukuma. Duba amsar tsaro.

Maganar tsaro fa a hanyar Bauchi?

Doka ɗaya ce bama karyawa, ba tafiyar dare, magariba ta same mu a inda za mu kwana. A 'yan shekarun nan an samu rahoton 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri, ƙaramar hukumar da Yankari ke ciki, dan haka kwana ɗaya ko biyu kafin tashi a kira mutanen wajen, a kuma tambayi direbobin tasha masu bin hanyar kullum, su suka fi kowa sanin halin da ake ciki. In an ce a dakata a dakata, dutse ba inda zai je. A riƙe katin shaida da takardun mota saboda shingaye, a sanar da wani a gida inda aka kwana, kuma a bar sa hotuna a Facebook sai an dawo.

Nawa zan tanada, kuma me zan ɗauka?

Farashi na canzawa kusan duk shekara, to a kira a ji na ranar. Abin da za ka lissafa: fetur zuwa da dawowa, shi ne ya fi cin kuɗi, ɗaki a Bauchi, kuɗin shiga ƙofa na mutum da na mota, wani lokacin da na kyamara, ɗaki a Wikki, kuɗin motar fita daji wanda in kuna da yawa ku raba, abinci, sai goron masu rakiya. A riƙe tsabar kuɗi dan taransfa na iya ƙin tafiya in sabis ya ɗauke.

Kaya kuma ruwa katan-katan fiye da yadda kuke zato, tocila, fawabank, maganin sauro, hula ko malafa, takalmi mai rufi, buta da darduma, gishiri da sukari na haɗa ruwan zawo saboda yara, da madubin hangen nesa in akwai mai shi ko aro ne. Abincin da baya lalacewa irin kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino da garin kwaki a zuba shi a jaka mai zif, jakar a but, but ɗin a kulle, makullin a aljihunka.